Jagorar Zaɓen Jirgin Ruwa Mai Filafilai: Yadda Ake Tantancewa Tsakanin Masu Tsawon Ƙafa 35 Zuwa 45

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar ajiye jiragen ruwa ta La Rochelle a Faransa, ko ta Las Palmas a tsibiran Kanari, zai lura cewa jiragen da iyalai ke yin doguwar tafiya da su ba su kai girman da mutum ke tsammani ba. Mafi yawansu tsawonsu yakan kama daga ƙafa 35 zuwa ƙafa 45, wato tsakanin mita 11 da mita 14 a ƙiyasce. A wannan rukuni ne kasuwa ta fi cika, a nan ne kuma mai saye ya fi ruɗewa, domin jirage biyu masu tsawo ɗaya da farashi kusan ɗaya suna iya bambanta kamar yadda doki ya bambanta da raƙumi: ɗaya an ƙera shi don hutun mako guda a tsakanin tsibirai masu kusa da juna, ɗayan kuma don ya yi kwana ashirin a tsakiyar teku ba tare da ganin gaɓa ba. Ra'ayina, wanda zan kare a duk tsawon wannan jagora, shi ne cewa jirgin da ya dace da kai shi ne mafi ƙanƙanta da zai iya ɗaukar tafiyar da za ka yi da gaske tare da mutanen da za su bi ka da gaske, kuma lafiyar jirgin da ke gabanka ta fi sunan kamfanin da ya ƙera shi muhimmanci.

Zan riƙa amfani da wasu kalmomi da ya kamata mu daidaita a kansu. Filafili shi ne babban ƙyallen da iska ke turawa, jigo kuma shi ne doguwar sandar da ake ɗaga filafilin a kanta. Ganga ita ce jikin jirgin da ke cikin ruwa, doro kuma shi ne saman da ake takawa. Kil shi ne nauyayyen ƙarfen da ke ƙarƙashin ganga, wanda ke hana jirgi kifewa, yake kuma hana iska tura shi gefe. Allon tuƙi shi ne faffaɗan allon da ke cikin ruwa ta baya, wanda sitiyari ke juyawa.

Mataki na farko: rubuta tafiyar da za ka yi da gaske

Kafin ka duba ko da hoton jirgi ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta inda jirgin zai zauna, da makonni nawa a shekara za ka kwana a cikinsa, da kuma tafiya mafi nisa da kake da tabbacin yi cikin shekaru biyar masu zuwa. Kalmar tabbaci ce ginshiƙi a nan. Mutane da yawa suna sayen jirgin tsallaka tekun Atilantika alhali rayuwarsu ba ta ba su fiye da mako uku a shekara ba, sai su ƙare da jirgi mai nauyi wanda ba ya motsi a iska mai laushi ta bazarar Bahar Rum, suna kunna inji kullum suna mamakin inda daɗin tafiyar ya shiga.

Wurin da jirgin zai zauna yana yanke hukunci a kan abubuwa fiye da yadda ake zato. Wanda zai yi yawo a tsibiran Bahamas, inda ruwa ba shi da zurfi, yana bukatar jirgin da bai nutse fiye da mita 1.5 zuwa 1.8 ba, alhali jiragen Turai masu wannan tsawo sukan nutse kusan mita 2 idan an sa musu kil na yau da kullum. Wanda zai bi hanyar ruwa ta cikin gaɓar gabashin Amurka dole ne ya auna tsayin jigonsa, domin yawancin gadojin da ba sa buɗewa a wannan hanya ƙafa 65 suka bari tsakaninsu da ruwa, kuma jirgi mai ƙafa 45 yana iya kusantar wannan iyaka ko ya wuce ta. A Girka da Kuroshiya kuwa da baya ake shiga wurin tsayawa, a ɗaure gindin jirgi da gaɓa, saboda haka jirgin da ba ya bin umarni idan yana tafiya da baya zai riƙa wahalar da mai shi kowane maraice a gaban jama'a da kuma kusa da jiragen wasu.

Idan tsallaka teku na cikin lissafinka, auna shi da misali na zahiri. Ayarin jirage masu filafilai da ake kira ARC, wanda Jimmy Cornell ya fara a 1986, yana tashi daga Las Palmas a ƙarshen Nuwamba zuwa tsibirin Saint Lucia da ke yankin Karibiyan, tafiyar kusan mil na teku 2,700, kuma matsakaicin jirgi yakan yi kamar mako uku a hanya. Mutum huɗu, idan kowa ya taƙaita a lita biyar a rana don sha da girki, suna bukatar lita 420 a kwana 21, ba a sa wanka a lissafi ba. Wannan adadin kaɗai ya isa ya fitar da wasu jirage daga jerinka, ko ya nuna maka cewa sai ka ƙara kuɗin na'urar tace ruwan gishiri a kan farashin.

Mataki na biyu: ƙidaya hannuwan da za su yi aiki, sannan ka tsayar da tsawo

Yawan gadajen da ke cikin jirgi ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne mutum nawa ne za su iya tashi da ƙarfe uku na dare su rage filafili idan iska ta tsananta. A mafi yawan iyalai amsar ita ce mutum biyu, kuma tunda ɗaya yana barci yayin da ɗayan ke gadi, gaskiyar magana ita ce mutum ɗaya ne ke riƙe da jirgin a kowane lokaci. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane jirgi ita ce, shin wanda ya fi rauni a cikinku zai iya sarrafa shi shi kaɗai? Bambancin ƙafa 37 da ƙafa 44 a takarda ƙafa bakwai ne kawai, amma nauyin jirgi da faɗin filafilai da ƙarfin da ke kan igiyoyi suna ƙaruwa fiye da tsawon nesa ba kusa ba, haka nan anka da sarƙarta. Ana iya sa winci, wato na'urar jan igiya, mai aiki da lantarki da ƙaramar farfela a goshin jirgi don sauƙaƙa juyawa, kuma suna taimakawa ƙwarai, sai dai ranar da batir ya mutu hannunka ne zai gaje su.

Kuɗi ma tsawo suke bi. Tashoshin ajiye jirage da yawa a Turai suna kasa farashinsu rukuni rukuni, kuma mita 12 iyaka ce da ake yawan cin karo da ita. A Girka harajin yawon jirage yana tsalle sosai da zarar jirgi ya haura mita 12, domin daga nan ake fara caji a kan kowace mita. Fenti na ƙarƙashin ganga, da kuɗin ɗaga jirgi daga ruwa, da inshora, da sabon filafili, duk haka suke. Masu jirage suna da wani ƙiyasi da suka saba da shi, cewa kula da jirgi yakan ci kusan kashi 10 cikin 100 na darajarsa a kowace shekara. Ba doka ba ce, amma na ga ta fi kusa da gaskiya fiye da lissafin da mai zumuɗin saye ke yi wa kansa. Shawarata ita ce kada farashin saye ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da ka tanada, a bar sauran don gyaran shekarar farko. Daidai ruwa daidai tsaki.

Mataki na uku: gane dangin da kowane jirgi ya fito

A dunƙule, jiragen wannan rukuni dangi biyu ne. Na farko su ne waɗanda manyan masana'antu ke ƙerawa da yawa: Beneteau da jerin Oceanis, da Jeanneau da jerin Sun Odyssey, da Dufour, duk daga Faransa, sai Bavaria da Hanse daga Jamus, da Catalina daga Amurka. Waɗannan suna da faɗi, da haske a ciki, da sauƙin nauyi, suna gudu a iska mai laushi, kuma kayan gyaransu suna samuwa kusan a kowace tasha. Dangi na biyu su ne waɗanda aka ƙera kaɗan kaɗan da niyyar doguwar tafiya: Hallberg-Rassy da Najad da Malö daga tsibirin Orust na Suwidin, da Island Packet daga Florida, da tsofaffin zane irin su Valiant 40 da Tayana 37, waɗanda Robert Perry ya zana dukkansu. Sun fi nauyi, tankunansu sun fi girma, kuma motsinsu a kan igiyar ruwa ya fi taushi.

Abin da yakan faru a kasuwa shi ne, kuɗin da zai saya maka jirgin dangi na farko mai shekara takwas, shi ne zai saya maka na dangi na biyu mai shekara ashirin da biyar ko talatin. A nan ne ainihin zaɓin yake, kuma bai kamata a yanke shi da son suna ba. Jiragen masana'anta suna tsallaka Atilantika kowace shekara a ayarin ARC, don haka masu cewa ba su isa teku ba sun wuce gona da iri. Tsohon jirgi mai suna kuma, idan injinsa da wayoyin jigonsa da doronsa duk sun tsufa tare, sunan ba zai hana ruwa shiga ba.

Za ka ga harafi a jikin allon bayanin jiragen da aka sayar a Turai tun ƙarshen shekarun 1990. Rukunin A yana nufin an tsara jirgin don iskar da ta wuce mataki na 8 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort da igiyar ruwa sama da mita 4. Rukunin B har zuwa mataki na 8 da mita 4. Rukunin C har zuwa mataki na 6 da mita 2. Kusan duk jiragen da muke magana a kansu suna ɗauke da A, saboda haka harafin ba zai raba maka gardama tsakanin biyu ba. Abin lura a allon shi ne adadin mutanen da aka amince da su a rukunin A, wanda yakan gaza na rukunin B ko C.

Mataki na huɗu: yi lissafi uku da kanka

Akwai lissafi kaɗan da ke tona halin jirgi kafin ka taka shi, kuma dukkansu da ma'aunin ƙafa da fam ake yin su. Na farko shi ne iyakar gudun ganga: a ɗauki tushen murabba'in tsawon jirgi a layin ruwa, a ninka da 1.34. Na biyu shi ne nauyi a kan tsawo: a raba nauyin jirgi, wanda aka auna da tan mai fam 2,240, da sakamakon ninka kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon layin ruwa sau uku a kansa. Ƙasa da 200 jirgi ne mai sauƙin nauyi, sama da 300 mai nauyi ne. Na uku shi ne ma'aunin kifewa, wanda aka fito da shi bayan tseren Fastnet na 1979, inda jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su, mutum 15 daga cikin masu tseren suka rasu. Ana raba nauyin jirgi, wanda aka auna da fam, da 64, a ɗauki tushe na uku na sakamakon, sannan a raba faɗin jirgi da shi. Ƙasa da 2 ake so ga mai niyyar shiga tsakiyar teku.

Mu ɗauki jirage biyu na misali, dukkansu masu ƙafa 40. Na farko layin ruwansa ƙafa 36, faɗinsa ƙafa 13, nauyinsa tan 8. Na biyu layin ruwansa ƙafa 32, faɗinsa ƙafa 12, nauyinsa tan 10. Na farko zai iya kai mil na teku 8 a awa, nauyi a kan tsawonsa kusan 170, ma'aunin kifewarsa kuma daidai kan 2. Na biyu zai tsaya a wajen mil 7.6, nauyi a kan tsawonsa kusan 300, ma'aunin kifewarsa 1.7. Yanzu ka loda wa kowanne tan 2 na ruwa da mai da abinci da sarƙa da ƙaramin kwalekwale, wanda shi ne abin da zaman watanni a jirgi ke jawowa. Ga na farko ka ƙara rubu'in nauyinsa, ga na biyu kashi ɗaya cikin biyar, kuma na farkon ne zai fi jin nauyin a gudunsa. Waɗannan alƙaluma ba sa ganin inda nauyin kil ya taru ko siffar ganga, don haka amfaninsu shi ne jera jirage kusa da juna, su nuna maka tambayoyin da za ka yi.

Mataki na biyar: duba abin da ke ƙarƙashin ruwa

A nan nake so mai karatu ya fi daɗewa, domin abin da ke ƙarƙashin ruwa shi ne abin da ba a gani a hoton talla, kuma shi ne ke iya kashe mutum. Kil iri uku ne a wannan kasuwa. Akwai dogon kil da ke bin kusan duk tsawon ganga, irin na Island Packet da Tayana 37, wanda ke riƙe hanya miƙe, yake kare farfela da allon tuƙi daga igiyoyin masunta, amma ba ya son juyawa a ƙuntataccen wuri kuma tafiya da baya da shi sai an koya. Akwai gajeren kil mai zurfi da ake ɗaurewa da manyan notuna a ƙarƙashin ganga, wanda yawancin jiragen zamani ke da shi. Yana sa jirgi ya haura iska da kyau, ya kuma juya a wuri kaɗan. Sai kuma wanda aka zuba nauyinsa a cikin gangar kanta aka rufe, ba noti ko ɗaya. Nauyin yakan zama dalma ko baƙin ƙarfe. Dalma ta fi tsada, ba ta tsatsa, kuma tana shanye wani ɓangare na bugu idan jirgi ya daki dutse, baƙin ƙarfe kuwa yana miƙa bugun kai tsaye ga ganga.

Kil mai notuna ba shi da laifi a kan kansa, amma tarihinsa dole ne a san shi. A jiragen masana'anta da yawa akwai wani ƙashi na faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da roba, da aka manna a cikin ganga don ya ɗauki nauyin kil, kuma idan jirgi ya bugi ƙasa da ƙarfi, mannin yana iya sakewa ba tare da wata alama a waje ba. A watan Mayu na 2014 jirgin Cheeki Rafiki, mai ƙafa 40, ya rasa kil ɗinsa a tekun Atilantika yana dawowa daga Antigua zuwa Ingila, mutum huɗu da ke cikinsa suka salwanta, kuma binciken hukumar Birtaniya ya ja hankali ga bugun ƙasa da jirgin ya taɓa yi a baya da gyaran da aka yi wa wannan ƙashi. Tun daga lokacin tambayata ta farko ga duk mai sayarwa ita ce ko jirgin ya taɓa bugun ƙasa, kuma nakan nemi amsar a rubuce.

Na taɓa zuwa duba wani jirgi mai ƙafa 39 da aka ɗora a kan sanduna a wata farfajiyar gyara, an goge gangarsa tana sheƙi, an shimfiɗa sababbin katifu a ciki. Da na ɗaga katakon daɓen tsakiya na haska tocila, sai na ga wani siririn layi kamar gashi ya bi gefen ƙashin da ke bayan noti na ƙarshe, ga kuma sabon farin fenti a wannan wuri kaɗai, alhali sauran ramin ya yi ruwan ƙasa saboda tsufa. Na fita waje na durƙusa a ƙarƙashin jirgin, sai ga tsaga a mahaɗar kil da ganga ta gaba, da ɗigon tsatsa da ya gangaro ya bushe. Buɗewa a gaba da dannawa a baya ita ce alamar da bugun dutse ke bari. Ban ƙara tambayar farashi ba.

Allon tuƙi ma iri biyu ne: wanda ke rataye a kan sandarsa kaɗai, da wanda ke da wani ƙashi a gabansa yana tallafe da shi. Na farko ya fi sauƙin juyawa, na biyu ya fi jure bugu. Jirage masu faɗin baya sukan zo da allo biyu, waɗanda ke riƙe jirgi da kyau idan ya karkata, sai dai ba sa bayan kil, don haka babu abin da ke kare su daga abin da ke yawo a ruwa. Ko wane iri ne, kama ƙasan allon da hannu biyu ka girgiza shi yayin da jirgi ke tudu. Motsi mai ƙara yana nufin mazaunin sandar ya ci. Ka kuma nemi a nuna maka sandar tuƙi ta gaggawa, ka sa ta a raminta da hannunka, domin a jirage da yawa ba a taɓa gwada ta ba tun ranar da aka ƙera su.

Mataki na shida: filafilai, mazaunin tuƙi, da cikin jirgi

Babban filafili ko dai ana naɗe shi a cikin jigo, ko kuma ana sauke shi kashi kashi a ɗaure a kan sandar kwance da ke riƙe da ƙasan filafilin. Naɗewa a cikin jigo ta fi sauƙi ga ma'aurata masu shekaru, amma filafilin yakan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, kuma idan ya tsufa ya saki jiki yana iya maƙalewa rabi a ciki rabi a waje, a daidai lokacin da ake neman rage shi. Ni na fi natsuwa da saukewa kashi kashi mai matakai uku, da igiyoyin da aka jawo har mazaunin tuƙi, domin duk abin da ya lalace a wannan tsari ana ganinsa da ido, ana kuma iya gyara shi da igiya.

Mazaunin tuƙi na tsakiya, irin wanda Hallberg-Rassy ya shahara da shi tare da gilashin kare iska, yana ba da babban ɗakin kwana a baya da jin tsaro a teku. Na baya kuma ya fi faɗi, ya fi sauƙin sauka ruwa da hawa gaɓa, ya fi dacewa da ƙasashe masu zafi. A cikin jirgi kuwa, kada faɗin falo ya ruɗe ka. Tsaya a ƙasan matakala ka yi tafiya zuwa goshi kana tunanin jirgin ya karkata, ka ƙidaya wuraren da hannunka zai kama. Idan akwai taku biyu ba abin riƙewa, nan ne haƙarƙari ke karyewa. Ka duba ko akwai gado miƙaƙƙe kusa da tsakiyar jirgi da mutum zai iya barci a kai ana tafiya, da ko mai girki yana da inda zai jingina ƙugunsa. Jirgi mai ɗaki biyu da babban ma'aji ya fi wa iyali amfani fiye da mai ɗaki uku, wanda yawanci don kamfanonin haya aka tsara shi. Jiragen haya da ake sayarwa bayan kamar shekara biyar a Kuroshiya ko Girka suna da araha, kuma wasunsu an kula da injinsu a kan lokaci, amma ɗaruruwan baƙin hannuwa sun tuƙa su, don haka binciken kil a kansu ya zama wajibi ninki biyu.

Mataki na bakwai: ƙiyasta shekarun kayan da ke tsufa

Gangar faiba tana iya shekara arba'in lafiya lau, amma kayan da ke kanta kowanne da wa'adinsa. Wayoyin da ke riƙe da jigo ana canza su tsakanin shekara 10 zuwa 15, kuma kamfanonin inshora da yawa suna neman shaidar hakan. Idan babu rasit, ɗauka cewa ba a canza ba. Ƙarafan da wayoyin ke ɗaure a jikinsu sukan ruɓe a daidai inda suka ratsa doro, wurin da ido ba ya kaiwa. Injin dizal, wanda yawanci Yanmar ne ko Volvo Penta, a nemi a tayar da shi da sanyinsa, ka fara taɓa shi da hannu don ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin zuwanka ba, sannan ka kalli launin hayaƙi da yadda ruwan sanyaya ke fita. Idan farfelar tana kan wata ƙafar ƙarfe ta inji da ta huda ganga kai tsaye, akwai wata roba da ke toshe wannan rami wadda Volvo Penta ke ba da shawarar canzawa duk shekara bakwai, kuma masu jirage da yawa suna mantawa da ita.

Doro yakan zama faiba biyu da katakon balsa a tsakani. Idan ruwa ya shiga ta ramin wata ƙusa, balsar tana ruɓewa, doron ya riƙa lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, saboda haka ka cire takalmi ka taka ko'ina, musamman kewayen gindin jigo da wincin anka. Doron da aka lulluɓe da katakon tik kuwa kyan ɗan maciji ne a tsohon jirgi: idan da ƙusoshi aka kafa shi, kowace ƙusa hanyar ruwa ce, kuma sake shi yana iya cin wani babban kaso na darajar jirgin gaba ɗaya. Ƙurajen da ke fitowa a gangar faiba saboda shigar ruwa ba kasafai suke nutsar da jirgi ba, amma dalili ne mai ƙarfi na neman ragi. A ƙarshe ka buɗe ka rufe kowane bawul da ya huda ganga. Wanda ya ƙi motsi ko ya yi launin hoda, canji yake jira. Rubuta kuɗin kowane ɗaya daga cikin waɗannan a gefen farashin jirgin, domin sai an haɗa su ne ake sanin wanne ne mai araha a cikin jirage biyu.

Mataki na takwas: gwaji, bincike, da takardu

Idan jerinka ya ragu zuwa biyu, yi ƙoƙari ka ɗauki hayar irin kowannensu na mako guda, ko ka nemi wani mai irinsa ya fita da kai, domin gani ya kori ji. Bayan ka zaɓa, kada ka yi cinikin biri a sama. Al'adar kasuwar ita ce a ba da kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100, a ajiye shi a asusun amana na dillali, da sharaɗi a rubuce cewa cinikin ya dogara ga sakamakon bincike da gwaji a ruwa. Ƙwararren mai binciken jirage kai ne za ka nemo shi, kai ne za ka biya shi, kuma kada ya zama wanda dillali ya kawo, tunda la'adar dillali tana rataye ne a kan kammaluwar ciniki. A ɗaga jirgin daga ruwa, a ƙwanƙwasa ganga, a auna danshi, a kalli yadda kil ke yi sa'ad da nauyin jirgi ya sauka a kansa da sa'ad da ya rataya. Ka kasance a wurin da kanka, domin abin da mai bincike zai faɗa maka da baki yana nuna maka da yatsa ya fi abin da zai rubuta yawa.

Ranar gwaji a ruwa, a ɗaga dukkan filafilai, a rage su, a sake su, kuma wanda ya fi rauni a iyalinka ne zai yi wannan aiki yayin da kake kallo. A tura inji zuwa iyakar ƙarfinsa na wasu mintuna a ga ko zai yi zafi, a yi tafiya da baya, a saki anka a ɗago ta, a kunna na'urar tuƙi mai sarrafa kanta. Sannan a koma kan takardu: jerin takardun saye tun daga mai shi na farko, da shaidar cewa babu bashin banki a kan jirgin, da lambar ganga da ta dace da abin da ke rubuce. A Tarayyar Turai shaidar biyan harajin VAT tana da muhimmanci ƙwarai, domin rashinta na iya jawo a nemi kuɗin daga hannunka. Wanda ba mazaunin Tarayyar ba kuma, da jirgi mai rajistar waje, ana ba shi izinin wata 18 kafin ya fitar da jirgin daga yankin. Ka nemi kamfanin inshora ya ba ka farashi da sharuɗɗansa a rubuce kafin ka biya cikon kuɗin, domin wasunsu ba sa karɓar jirgin da ya haura wasu shekaru sai an gyara duk abin da rahoton mai bincike ya lissafa, wasu kuma suna neman takardar shaidar iya tuƙi, irin ta RYA, ƙungiyar masu jiragen ruwa ta Birtaniya, kafin su yarda ka fita da shi daga tasha.